Shatin Hannun Mai Ɗinki

"Ki rantse ba dukanki yake yi ba!" in ji wan Mai Ɗinki, maƙwabciyata. Ya riƙe hannunta a tsakar gida, inda jini ya kwanta baƙi ƙirin har damtse. Mijinta Kafinta yana tsaye a bakin ƙofa da garin katako a gashinsa.

"Yaya, magani ne," ta ce. "Zuciyata ba ta bugawa daidai. Likita ya ce in ban sha mai tsinka jini ba, jini zai daskare ya toshe mini ƙwaƙwalwa. Ko keken ɗinki na buge sai ya yi shati."

"Ki dai rufa masa asiri!"

Ina leƙe ta katanga, kuma ni ce na kai wa wan nata maganar. Bakina ba shi da linzami, kowa a layinmu ya sani. Na ga shatin ranar da take gwada mini riga, ban tambaye ta ba, sai na ɗauki waya. Har ji nake na yi aikin lada.

Kafin mako ya zagayo mata sun daina amsa gaisuwar Kafinta. Wanda ya ba shi aikin gado ya zo ya kwashe katakonsa. Bawan Allahn da ko kyanwa ba ya iya kora!

Bayan wata guda ta kira ni, ta naɗe hannun riga. Fes.

"Kin gani? Je ki faɗa musu, tunda ke ake ji."

"Ya aka yi?"

"Na ajiye ƙwayoyin. Kar ki gaya wa mijina."

Kaico! Wannan karon ne na iya riƙe sirri.

Ranar Laraba da hantsi ƙarar keken ta yanke a tsakiyar ɗinki. Na same ta a ƙasa, baki ya karkace, ɓarin dama ba ya motsi. Kwana biyu ta yi a asibiti, ta rasu.

A zaman makoki wanta ya ce, "Baƙin cikin mutumin nan ne ya kashe ta." Mata suka gyaɗa kai. Ina cikinsu, na sunkuyar da kaina, ban faɗi zancen ƙwayoyin ba. Har yau ina jin haushin kaina.

Yau da safe na ga Kafinta yana share ƙofar gidansa. Da ya gama, ya zarce ya share tawa.