Inda Alkasum Yake Tsayar da Kalangu

Duk unguwar Zango an san Zuliha zabiya da muryar nan mai hawa sama har tsigar jiki ta tashi. Amma ba haka take tashi da ita daga barci ba. Kullum da hantsi sai ta kurɓi ruwan ɗumi da citta, mijinta Alkasum ya rataya kalangu. Daga can ƙasa yake farawa, tana binsa da ɗan gunaguni, yana matse tsarkiya kaɗan-kaɗan, ita kuma tana hawa, har maƙogwaro ya buɗe su kai ƙololuwa tare.

Alkasum ya rasu da bazara. Ta fita takaba ke nan ana shirin bikin 'yancin kai, aka aiko daga ofishin kumandan, mai mulkin gari, cewa ita za ta buɗe fili. Idan muryar ta ƙi a gaban Damagaram kaf, to ita da waƙa sai labari.

Tanimu ƙanen marigayin, wanda shi ma furfura ta cika masa gemu, ya zo da nasa kalangun. Suka fara lafiya lau. Ana dosar sama, sai murya ta tsage, ƙiii, kamar tsohon ƙyaure. Ta sake, ta kuma sakewa. Ina!

"Kai Tanimu, kiɗa kake ko wasa da hankalina? Ka wuce wurin!"

"Wallahi Yaya ban wuce ba. Nan waƙar take tun kina amarya."

"To jiya-jiyan nan ba ina kaiwa ba?"

Bawan Allah ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Marigayi ya daɗe yana sassauta miki kalangun. Duk shekara sai ya ɗan sauko. 'Yan amshi ma shi ya ce su sauko, ya kuma rantsar da mu kada ki ji."

Kunya ce ta fara kama ta, sannan haushi. Mutum ya yi ta yi maka ƙarya da hannunsa, kana tafe kana taƙama! Daga baya kewarsa ta taso ta danne duka biyun, ta zauna daɓas a kan turmi.

Can ta goge fuska da bakin zane.

"To sassauta. Kai ni inda yake tsayawa."

Tanimu ya saki tsarkiya, ya buga, ya ɗan matse, ya sake saki. Ya daɗe yana lalube.

"Yaya," in ji shi, "ni ban san wurin ba. Shi da kunne yake bin ki."