Tofidon da Ya Dawo Gida

Tajuddeen ya tsuguna a bakin tafkin Bukit Jalil da ke Malesiya, rungume da wani dogon bututu mai farfela biyu a gindi. Na'urar ɗebo ruwa ce don auna ƙazantarsa, aikin digirinsa na uku. Malamar da ke duba aikin, wata farfesa 'yar Malesiya, ta ce in ba ta yi tafiya yau ba sai ya sake wani daga farko.

Siffar ya ɗauko ta ne daga tofido, bam ɗin da jiragen ruwa na yaƙi ke saki ya yi gudu a ƙarƙashin ruwa. Ya karanta yadda na farko suke karkacewa, har maƙera suka sa musu wani ƙarfe mai juyawa kamar katantanwa don ya riƙe su a miƙe. Ya kuma karanta cewa a Yaƙin Duniya na Biyu wasu sun kewayo sun nutsar da jirgin da ya harba su.

Katantanwar nan ce ta tsaya masa a rai. Ita ke kai bam ga mutane. Sai ya ƙi sa ta a tasa na'urar.

"Abban Ummi, wuƙar mahauci ma ai tana yanka albasa," in ji matarsa Walida, tana riƙe da ledar shayin da ta yo tapau, wato ta sa aka ƙunso mata, a shagon mamak, masu sayar da shayi da abinci.

"Gangar jikin na ara. Ban ari niyyar ba."

"To Allah Ya sa niyyarka ta iya iyo."

Farfesa ta duba agogo. Ya yi bisimilla ya saki.

Bututun ya tafi sumul, sannan ya fara karkata dama. Ya tsorata agwagi, ya yi kewaye mai faɗi, ya nufo su. Tajuddeen ya taka cikin ruwa don ya tare shi. Abin ya zo ya dungure shi a ƙauri.

Walida ta tuntsire da dariya. "Ga shi ya nutsar da jirginsa!"

Farfesa ta sunkuya ta buɗe cikinsa. Kwalbar da ke ciki cike take da koren ruwan tsakiyar tafki.

"Ɗalibaina na baya da kwalekwale suke bin nasu," ta ce. "Naka da kansa yake kawo ruwan. Boleh lah, ya yi. Ka gano dalili, ka sa ya riƙa yi kullum."

Tajuddeen ya shafa ƙaurinsa. "Walida, kin ga? A yaƙi wannan masifa ce."

"A nan kuma digiri. Karɓi shayinka, ya huce."