Minti Shida a Ɗakin Sanyi

Badaru ya ja wuyan kwat ɗin ya rufe kunnuwansa, ya tsaya tsakanin kwalayen kaji yana kallon numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Da safen nan ya sayi kwat ɗin a gwanjon Sharafiyya, sannan ya roƙi Abdulmohsen, mai shagon kaji a unguwar Madain Fahd da ke Jidda, ya rufe shi a ɗakin sanyi na minti goma.

Shekararsa sittin da uku. A Jidda aka haife shi, nan ya koyi kafinta, nan ya binne matarsa bara. Yanzu kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, zai rufe shagon katako bayan Hajji, iƙama kuma, takardar izinin zamansa, ba za ta sabuntu ba. Ko ya tafi Kano, garin kakanninsa da bai taɓa gani ba, ko ya bi 'yarsa tilo, Tahani, wadda ke aure a arewacin Finlan, inda mijinta Majid ke tuƙa motar ɗibar gungume a daji.

Ranar Juma'ar da ta wuce, suna kiran bidiyo, ta juya masa wayar ta taga, ya ga daji fari fat da ƙanƙara.

"Baba, komai na nan ya san dabararsa," ta ce. "Zomo fari yake komawa da hunturu. Barewarsu da kofato take tone ƙanƙara ta ci abin da ke ƙasa. Itatuwan kuwa ganyensu kamar allura, ba ya zuba."

"Ke fa?"

"Ni riga uku nake sawa. Wata biyu ba ma ganin rana, amma wallahi ana sabawa."

Yanzu ga shi a ɗakin sanyin yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa, gwiwarsa ta hagu tana zugi. Ya fara tasbihi, leɓɓansa suka yi nauyi. Ya daki ƙofar da kafaɗa.

"Minti shida," in ji Abdulmohsen yana dariya. "Halas, shi ke nan, Baffa, kai ɗan zafi ne. Yalla, sha shayi."

Bai sha ba. Ya rataya kwat ɗin a hannu ya kama hanyar unguwarsu, Sa'alaba, cikin ranar azahar. A lungunsu babu wanda zai yi wa sallama. Ismail mai wanki ya koma Zinder, gidan su Hikima an rushe shi, sababbin maƙwabta ba su san sunansa ba. Ya buɗe ɗakinsa, ya zauna a bakin gado, ya kira Tahani.

"Na gwada sanyinku yau," ya ce. "Ban kai minti goma ba."

"Baba! A ina?"

"Bar wannan. Faɗa mini gaskiya, idan na zo, da wa zan riƙa magana?"



"Da ni," ta ce a hankali. "In na dawo daga aiki, ƙarfe biyar. Masallaci ma sai an yi tafiyar awa biyu."

"Kafin ƙarfe biyar fa?"

"Babu kowa, Baba. Sai daji."

Badaru ya dubi kofi ɗaya da faranti ɗaya da ke kife a kan tire. Tun Talata, in ban da Abdulmohsen da mai gwanjo, bai yi magana da kowa ba.

"Ƙarfe biyar kullum?" ya tambaya.

"Kullum."

"To, aiko takardun," ya ce. "Kuma ki tambayi Majid ko za su bar ni na shigo da zartona."