Gawon Gonar Ɗantsoho

Wa ya fi haƙƙi a kan itacen da babu wanda ya shuka shi: mai gonar da ya tsiro a ciki, ko dabbar da za ta mutu in ba ta ci ganyensa ba, ko abin da ya yi gida a cikinsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban samo mata amsa ba.

A ranin shekarar babban fari, 1973, Manu makiyayi ya sauka gefen Ɗanzomo da yayarsa Adda da saniya ɗaya tak, fara, mai ciki. Sauran garken ya zube a hanya tun daga Maigatari. Ita ma wannan sai an zura mata sanduna a ƙarƙashin ciki ake tayar da ita da safe.

A duk karkarar babu ɗanyen ganye sai a kan wani ƙaton gawo da ke tsakiyar gonar Ɗantsoho, don shi gawo da rani yake yin ganye. Al'ada kuwa ita ce makiyayi ba ya ɗora gatari a gawon gonar wani sai mai gona ya ce bismilla. Manu ya je ya durƙusa.

"Baba, reshe biyu kawai. Zan ɗaure ta a gonarka ta zuba maka taki."

"Wane taki, ɗan Fillo? Abin da ba ta ci ba za ta kasayar?" in ji Ɗantsoho. Sai ya rage murya. "Ba rowa ba ce. Akwai mai shi a ciki. Sa kunnenka."

Manu ya jingina kunne da itacen. Daga can sama wani sauti ke saukowa, kamar ana goga zarto a busasshiyar ƙwarya.

"In na hau na gano ko mene ne fa?"

"In mai jini ne irin namu, ka sara. In kuwa ba ka sauko da hankalinka ba, ban aike ka ba."

Manu ya soke gatari a ɗamara, ya yi bismilla, ya hau. Ƙaya ta yi ta yagar masa hannu. A jikin reshen da ya fi kowanne ganye ya tarar da kogo, bakinsa bai fi dunƙulen hannu ba. Sautin ya tsaya cak. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne kumurci. Ya karyi tsinke, ya kawar da fuska gefe saboda tofi, ya zura a hankali.

Wani abu kore ya yi fit ya fito daga ramin, ya shafi kumatunsa. Saura kaɗan ya saki reshen. Tsuntsuwa ce, koriya shar, da doguwar wutsiya siririya da jan baki lanƙwasasshe. Ta sauka nesa kaɗan tana tsala ihu. Nan take wani ya zo ya sauka kusa da ita, shi kuma da zobe a wuya, baƙi ta gaba, ja-ja ta ƙeya. Manu ya leƙa kogon. 'Ya'ya uku, tsirara, sun wage baki, su ne masu zarton.

"Tsirya ce, Baba. Mace da namiji. Ƙyanƙyasa suka yi."

Shi Ɗantsoho da damina da kaka kawai ya san tsirya, lokacin da take sauka a kan zangarniya, bai taɓa tambayar inda take kwana da rani ba.

"Tsirya," ya ce. "Ɗan geron da ya tsira mini bara, su suka ƙarasa shi. Ni kuma ina nan ina kewaye musu gida da ladabi. Sare reshen nan."

"Ga wasu rassan, Baba."

"Wannan na ce."

"Akwai 'ya'ya a ciki. Ba zan sare shi ba."

"To sauko. Ko wannan, ko babu. Kai kana jin saniyarka, ni ina jin bakin 'ya'yana badi."

Manu ya sauko. Ya tsaya a gindin itacen yana tsotsar jinin da ke yatsansa. Ya nemi inda tsohon ya yi ƙarya, bai samu ba.

Sai ga Adda ta ratso gonar, zanenta duk ƙasa.

"Manu, ta kwanta. Na sa sanda, ta ƙi. Ta miƙe wuya." Ta dubi hannunsa, ta dubi sama. "Ina ganyen?"

"Adda, akwai tsuntsaye a..."

"Tsuntsaye." Ba ta ɗaga murya ba. "Su za ka tatsa?"

Ɗantsoho ya juya musu baya yana kallon gabas, inda babu ko ɗigon gajimare.

Manu ya sake kama itacen. Da ya kai kogon, ya tarar uwar ta koma ciki, sai da ya sa hannu ta cije shi har ƙashi kafin ta fita. Ya ɗebo 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a aljihun rigarsa, suna da ɗumi, suna motsi a kan ƙirjinsa. Bai san me zai ba su ba, bai san inda zai kai su ba. Mai zoben yana ta kewaya kansa da kuka.

Ya gyara zama, ya zaro gatarin, ya sara.