Fiton da Labaran Bai Ji Ba

A farkon damina ne motar Alhaji Uwaisu ta fara lalaci. Doguwar mota ce mai shan gas, wadda ya saya a hannun wani Bature injiniya da ya tattara ya koma gida lokacin da kamfaninsu na Sharaɗa ya rage aiki. Ta tsufa kam, amma da can in Labaran direba ya ɗan taɓa totur sai ta miƙe abinta. Yanzu kuwa sai ya taka har ƙasa, ta yi nishi, ta turnuƙe bayanta da baƙin hayaƙi. Har tirelolin da ke kai gishiri kamfanonin jima na Challawa suka fara wuce su a hanya, abin da Labaran ya ɗauka cin mutunci ne ƙarara.

Alhaji dillalin fatu ne, kullum yana hanya tsakanin gidansa na Hotoro da ma'ajiyarsa ta Challawa, kuma shekara da shekaru Labaran ne ke jan sa. Ba su cika hira ba. Alhaji yana da wata ɗabi'a da Labaran ya ɗauka ta manya ce kawai. In zai yi magana, sai ya ƙwanƙwasa bayan kujerar direba da zobensa, ya jira Labaran ya ɗago ido ga madubi, sannan ya faɗi abin da zai faɗa a taƙaice. Ba ya kuma yarda a kunna rediyo a motarsa, ko da lokacin labaran duniya ne.

Shi kuwa Labaran akwai abin da yake ɓoyewa. Kafin ya kama tuƙi, ƙuruciyarsa duk a wata masaƙa ta Bompai ya ƙarar da ita, tsakanin injinan saƙa masu rugugi tun safe har yamma, inda ma'aikata ke magana da hannu da motsin leɓe. Injinan nan sun cinye masa kunne. Yana jin kakkauran sauti, kamar hon ɗin babbar mota ko tsawa ko muryar namiji in yana kusa. Siririn sauti kuwa ya daɗe da yi masa sallama. Rabonsa da jin kukan tsuntsu har ya manta, usur ɗin ɗan sanda ma sai dai ya ga kumatun mutum sun kumbura. Da ido yake cike gurbin, yana karanta bakin mutane, yana leƙen madubai fiye da amarya. Bai taɓa yin karo ba, ko fentin motar bai taɓa ƙwarzanewa ba. Amma ya san ranar da aka ce direban Alhaji kurma ne, ranar zai miƙa makulli, kuma ba wanda zai sake ba shi sitiyari a garin nan.

To, ciwon motar sai ya zo masa daidai inda ba ya so. Garejin da ya fara kai ta aka sake matatar gas. Na biyu aka wanke nozul. Kowane bakanike kuma da tambayar da yake fara yi.

"Direba, wane irin ƙara take yi in ka taka ta?"

"Ba ta wani ƙara," in ji Labaran, kuma har ga Allah iyakar abin da ya sani ke nan.

Ran nan Abdulwahid, babban ɗan Alhaji wanda ke kula da ofis, ya shiga gaba aka nufi Challawa da shi. Suna fara hawan gangaren da ke bayan gada ya karkata kai, ya yamutsa fuska.

"Malam Labaran, ba kwa jin wannan fiton?"

Labaran ya karanta kalmar a bakinsa sarai. Ya kasa kunne iya ƙarfinsa, bai ji komai ba sai gurnanin injin da ya saba. Ya ce, "E to, tana ɗan yi."

"Ɗan yi? Ai ko yaro ba zai yi fito haka ba."

Abdulwahid ya dube shi, irin kallon da ke daɗewa fiye da kima. Ba mugun yaro ba ne, mahaifinsa yake ji wa tsoro, kuma da ma ya sha cewa ya kamata a nemo direba mai jini a jika. Labaran ya mai da idonsa kan hanya. Alhaji yana baya yana jan carbi.

Bayan kwana biyu aka ƙwanƙwasa kujera. Labaran ya ɗago ido.

"In ka sauke ni, ka kai ta Sharaɗa wurin Muntari mai gyaran manyan motoci. Bayan kamfanin robobi."

Labaran ya tafi yana shirya ƙaryar da zai yi in an yi masa tambayar nan. Ya tarar da Muntari, wani gajeren mutum mai furfura a gemu da hannuwa kamar an sassaƙa su daga gindin itace, yana wanke hannu da kananzir. Suka gaisa. Abin mamaki, Muntari bai tambayi ƙara ba. Ya buɗe bonet, ya ɗan tsaya yana kallo, sannan ya juyo ya fuskanci Labaran sosai kafin ya yi magana.

"Zo ka gani, Malam. Wannan injin ba kamar na sauran motoci ba ne. Akwai wata fanka a nan da hayaƙi ke juyawa, tana ɗura masa iska da ƙarfi. Iskar takan yi zafi, shi ya sa kafin ta shiga sai ta bi ta cikin wannan ta huce."

Ya nuna wani abu mai kama da ƙaramin lagireto a gaban na ruwa. Labaran ya sha goge shi da tsumma, bai taɓa sanin iska ce ke bi ta cikinsa ba.

"In ya huje, iskar sai ta tsere a hanya. Famfo yana ba da gas yadda ya saba, iskar da za ta ƙone shi babu. Ka ga hayaƙi, ka ga kasala. Duba nan kusurwar."

A ƙasan kusurwar akwai damshin baƙin mai da ƙasa ta manne a kai, alhali sauran jikin a bushe yake. Muntari ya ce iskar kan ɗauko ɗan raɓar mai, duk inda ta fita kuma sai ta bar shaida. Amma bai yarda da ido kaɗai ba, don tiyo ma yana iya yin haka. Ya kwance maƙalan tiyo biyun da iskar ke bi, ya duba su ciki da waje ya ga lafiyarsu lau, sannan ya ciro lagireton iskar ya ɗora a kan benci. Ya toshe baki ɗaya da guntun itace da robar tsohon tub, ɗayan kuma ya ɗaure masa roba mai bakin tub ɗin keke. Ya miƙa wa Labaran famfon keke.

"Buga a hankali. Ba taya ba ce, kada mu ƙara mata wani ciwon."

Labaran ya buga, Muntari yana shafa kumfar sabulu a jikin abin layi layi. Can a kusurwar nan kumfa ta fara tashi tana fashewa. Sai Muntari ya karɓi famfon, ya kamo hannun Labaran ya tsoma a bokitin ruwa, ya kai bayan hannun dab da wurin, ya buga da ɗaya hannun. Labaran ya ji wani siririn sanyi yana tsikarar fatarsa. Tsagar ba ta fi gashin kai kauri ba. Ashe abin da kowa ke ji ke nan ban da shi. Ya daɗe bai janye hannunsa ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Aka ɗauraye cikin da kananzir har man da ya taru ya fita, aka shanya shi a rana, domin Idi mai walda da ke maƙwabtaka ya ce shi ba zai kai wuta kusa da abin da ke warin mai ba, yana da iyali. Da ya bushe, Idi ya kankare wurin ya like tsagar da waldar alminiyam, yana mita cewa ƙarfen Turawa ba ya son wuta sai lallashi. Muntari kuma bai zauna ba. Ya koma cikin bonet yana neman dalili, har ya gano robar da ke riƙe da lagireton ta ƙasa ta rube, shi ya sa ramukan hanyar Challawa ke ta jijjiga shi har ya tsage. Sabuwa ba ta samuwa a lokacin ko a Sabon Gari, sai ya yanko gefen tsohuwar taya ya gyara ta daidai wurin. Aka sake bugawa da famfo, aka sake shafa sabulu. Kumfa ta kwanta shiru.

Suka fita gwaji kan titin Sharaɗa. Labaran ya taɓa totur, motar ta miƙe kamar an yaye mata bargo, madubi kuma fes babu hayaƙi. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai. Amma akwai abin da ke ƙaiƙayinsa tun safe, kuma da suka dawo ya kashe mota sai ya kasa haɗiye shi.

"Malam Muntari, duk inda na je sai an tambaye ni ƙarar da take yi. Ku ba ku tambaya ba."

Muntari ya sosa gemu, alamar an kama shi. Ba mutum ne da ya iya kwana-kwana ba.

"Alhaji ya zo nan da kansa jiya, a tasi. Ya ce motar tana fito in ana hawa. Ya ce kai ba ka jin siririn ƙara, kada in tambaye ka a gaban mutane. In nuna maka ta yadda za ka gane da ido da hannu."

Labaran ya yi godiya, bai ma san da wane baki ya yi ta ba. Hanyar Challawa ba ta taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba, ga shi kuwa motar tana gudu. Ya gama yanke wa kansa hukunci. An rufa masa asiri a gaban bakanike, wannan karamci ne, amma na sallama.

Ya tarar da Alhaji a ƙofar ma'ajiya yana duba fatun awaki da aka jibge, Abdulwahid yana ciki tare da masu awo. Labaran ya durƙusa, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Alhaji, ta gyaru. Ga shi. Allah Ya saka da alheri, ku yafe mini ɓoyewar da na yi."

Alhaji ya dubi makullin bai karɓa ba. Ya sunkuyo yadda Labaran zai ga bakinsa.

"Wace ɓoyewa? Tun makon da ka fara aiki na sani. Agogon hannuna ya yi ta ƙara a bayanka tun daga Hotoro har Bompai, ko gezau ba ka yi ba. Na ce bari in ga tuƙin tukuna. Na gani."

"Amma Alhaji, duk shekarun nan..."

"Kai a zatonka don jin daɗi nake dukan kujerata da zobe? Kuma ni da nake son labaran duniya kamar me, ka taɓa ganin na kunna rediyo? Don kada ya danne maka ɗan jin da ya rage ne."

Labaran ya sauke hannunsa da makullin. Ya waiwaya wajen ma'ajiya, inda Abdulwahid ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu.

"Shi kuma na yi magana da shi," in ji Alhaji. "Na ce shi ma ya nemi zoben ƙwanƙwasa kujera. Tashi mu tafi, warin nan ya ishe ni."

Suka kama hanya da la'asar, ma'aikatan da suka tashi daga aiki suna ta kwararowa a kan kekuna. Labaran ya ratsa su a hankali, ya hau titi, ya ba motar wuta a daidai hawan da ta saba ba shi kunya. Ta haye ba gardama. Sai ya ji ƙwas ƙwas a bayan kujerarsa. Ya ɗago ido ga madubi.

"Ta daina fiton," in ji Alhaji. "In ta sake, zan gaya maka."

Labaran ya gyaɗa kai. Godiya ta cika shi, titin ya fara yi masa dishi-dishi. Ya yi maza ya share idanunsa da bakin hannun riga, domin da su yake tuƙi.