Mai riƙe da igiyar jar saniya

Kaltume ta sauka daga motar Dogon Kiriya da wayar 'yarta ƙulle a bakin zane. Ba kasuwa ta kawo ta Dogon Dutsi ba, ko da yake ranar kasuwa ce. Hoto ɗaya ne a cikin wayar nan ya hana ta sukuni.

Gado, ɗanta na fari, zazzaɓi ya ɗauke shi bara a wurin kiwo. Kuma kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a rugarsu: ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Tun yana rarrafe kakarsa ta ɗauke shi. Kaltume sai dai ta hango shi daga bayan shinge yana kora shanu, ta yi kamar ƙwarya take wankewa. Da ya rasu ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yaba mata. Ita kuwa abin yana cin ta, don fuskarsa ta fara ɓace mata.

Hoton ma ba don shi aka ɗauka ba. Wani dillali ne ya ɗauki jar saniyarsu don ya nuna wa masu saye, Gado ya faɗo a gefe yana riƙe da igiya. A waya kansa bai kai ƙwayar wake ba, idon Kaltume kuwa ya daina ganin abin da ke kusa. Za ta gane saniyarta daga nesa, amma zare a allura sai an sa mata.

Shagon wankin hoto na kusa da tasha, wata budurwa mai suna Fadila ke zaune gaban kwamfuta.

"Sannu da zuwa, Inna. Mi za a yi maki?"

"Ɗiyata, saniyag ga nika so ki hiddo mini. Babba, wadda za a kahe ga bango."

Fadila ta duba, ta ga saniya ta fito sosai, mutumin gefe kuwa dishi-dishi. Yarinya mai son aikinta ya yi kyau, sai ta yanke gefen, ta gyara saniyar ta cika takarda. Injin ya turo ta jawur, ƙaho har sama. Ta miƙa tana jiran yabo.

Kaltume ta riƙe takardar, babu Gado a ciki. Ta duba bayan takardar, kamar zai ɓuya a can. Ta yaya za ta ce wa 'yar birni ga wanda take nema?

"Ta yi kyau," in ji ta. "Amma kin yanke mata igiya. Saniya ba ta tsayi ita ɗai."

Fadila ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga tsohuwar ta ƙura wa gefen takardar ido, wajen da aka yanke mutumin. Ta tuna kakarta ta wajen uba, wadda har ta koma ga Allah "wancan" take ce wa babanta. Kunya ta kama ta.

"Ki gahwarce ni, Inna. Mai igiyan yana nan, ban taɓa na asali ba."

Ta maido hoton yadda yake, ta jawo fuskar ta cika allon. Abin da ya fito ba fuska ba ne, wasu 'yan murabba'ai ne baƙi da ruwan ƙasa, jere kamar tubali.

"Inna, hoto ɗigo-ɗigo na, awa tsabar hatsi. Wanga ya bi WhatsApp hannu da hannu, an rage mai tsaba. In na baza ɗan abin da ya saura bisa babbar takarda, haka za shi watse. Ina wayad da ta ɗauke shi?"

"Mai ita ya tahi Libiya."

"To in hiddo shi ƙarami, awa tahin hannu. Nan za shi hita tsab."

"Ƙarami ba ni ganin shi, ɗiyata."

Kaltume ta fara ƙulle wayar a bakin zane. Ta riga ta saba haƙuri, wannan ma za ta haɗa da sauran.

"Dakata," in ji Fadila.

Ta koma kan kwamfuta. Ba ta yanke komai ba, ba ta ja shi ta tsawo ko ta faɗi ba, kada fuskar ta karkace. Ta ƙara girmansa daidai wa daida, ta ɗan lallashe kaifin murabba'an, ta sa babbar takarda marar ƙyalli. Da ya fito, Kaltume ta kai shi dab da hancinta. Ba ta ga komai ba sai duhu-duhu, kamar an shafa laka.

"Ba nan za ki tsaya ba, Inna. Ba ni shi."

Fadila ta ɗaga hoton a jikin bango. "Ja da baya. Ƙara. Tahi har bakin ƙohwa."

Kaltume ta ja da baya har dugaduganta suka taɓa dokin ƙofa, masu babur suna ta wucewa a bayanta. Ta ɗaga kai.

Tubalan nan suka haɗe. Ga malfarsa da ta karkata hagu, ga dogon wuyan nan irin na ubansa, ga yadda yake ɗan sunkuyar da kai idan ya san ana kallonsa. Daidai nisan da ke tsakanin shingenta da garke, nisan da ta san shi da shi tun yana yaro. Sai dai yau ba ta da ƙwaryar da za ta yi kamar tana wankewa, kuma ba ta kawar da ido ba.

Hannun Fadila ya gaji, amma ba ta sauke ba.

"Ya rame," in ji Kaltume. "Na hwaɗa masu ba shi cin abinci."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su. Sannan a hankali, yadda mai shagon kaɗai ta ji, ta ce, "Gado."