Diril Ɗin Niƙan Tsiron Inna

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu da nake ba ku labari haushinsa bai gama sakina ba. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, don kada ku ɗora wa aljanu laifi.

Ranar Asabar muna da gayya a gonar Inna, mahaifiyata. A ƙauyenmu ba a kiran mutum talatin su sunkuya a gonarka tun safe sannan ka sallame su da ruwan randa, sai an yi burkutu. Burkutun Asabar kuwa dole a niƙa tsiron dawarsa ran Laraba, in an wuce nan ba zai tashi ba. Inna tana da ɗan injin niƙa na hannu, shekara da shekaru tana murza shi har kafaɗarta ta dama ta lalace, yanzu ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa sai an taimaka mata. Babban injin niƙan garinmu ya mutu tun farkon damina. Sai ni, Tunau, da na yi wata takwas a birni wajen wani kafinta, na ce wahala ta ƙare. Za a cire hannun injin, a maƙala diril, wato injin hudar nan na kafintoci, a tada ɗan janaretona, shi ke nan. Ƙusar hannun ta yi tsatsa ta ƙi fita, ran Litinin na sa zarto na datse shi, na ba maƙeri, ya mayar da shi wuƙa. Ran Talata na je birni na tsaya gaban diril kala bakwai, kowane mai shago da tasa maganar, kaina ya ɗaure, na dawo hannu rabbana na ce sai na yi tunani. Da wannan tunanin na kwanta.

Sai ga ni a kara, kasuwar dabbobi, da injin Inna a hammata da buhun tsiro a ka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi sama, saboda haka kowa ya ɗaure bakin wandonsa da igiya. Babu saniya ko ɗaya a kasuwar. Diril ne a ɗaure a turaku, layi-layi, an zuba musu ƙusoshi a kwami suna ci. Ban yi mamaki ba, na dai ji daɗi da na same su wuri guda.

Dillalin wani jan bunsuru ne mai tabarau, yana zaune bayan tebur, an rubuta Jatau a gabansa.

Na ce, "Barka da kasuwa. Diril nake so."

Ya ce, "Ina hudar?"

"Wace huda?"

"Wadda zai yi. A nan sai ka zo da hudarka tukuna, mu gwada mu ga wanda ya dace da ita."

Na ce masa ni ba huda zan yi ba, injin niƙa nake so ya juya mini. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na zagi wani nasa.

Ya ce, "Wato za ka raba shi da sana'ar ubansa. To, sai ka cika takardar ban-haƙuri."

Na cika, shafi huɗu, har da sunan kakata ta wajen uwa. Ya karɓa, ya buga hatimi, ya tauna ta ya haɗiye. Na tambaye shi me ke nan ya yi. Ya ce ta shiga fayil.

A bakin kasuwar akwai wata dattijuwa zaune a kan doguwar tabarma. Ba wanda ya gaya mini, na dai san ita ce ranar Laraba. Tana naɗe tabarmar kaɗan-kaɗan daga gefe guda, duk inda ta naɗe sai wurin ya zama Alhamis. Na gaishe ta da ladabi na ce ta ɗan sassauta hannu. Ko kallona ba ta yi ba.

Na farkon da Jatau ya kwanto mini ɗan ƙarami ne kore, mai batir, sai tsalle yake yi a turke. Na nuna masa guntun ƙarfen da ya rage a jikin injin, na ce ya buɗe baki ya kama. Ya buɗe, bakin bai kai rabin ƙarfen ba.

Na ce, "Ƙara buɗewa mana."

Ya ce, "Mu gidanmu ba ma buɗe baki fiye da haka. Amma in katako ne, ko ƙofar..."

Bai ƙarasa ba ya kife yana minshari. Jatau ya ce batir ne, haka yake, in ya yi magana uku sai ya kwanta awa huɗu. Ya ce in ina so zai haɗa mini da ƙaninsa, in wannan ya yi barci wancan ya tashi. Na tambaya ko shi ƙanin yana da babban baki. Ya ce a'a, ai uwarsu ɗaya.

Na biyu ja ne, mai sheƙi, mutum uku ne suka riƙo shi. Bakinsa ya kama ƙarfen daram. Na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla, yadda ake yi wa yaro aike. Na ce a hankali nake so. Inna tana son tsiron ya ɓarzu da ɗan tsaki-tsakinsa, ba lilis ba, kuma kada ya ɗumama, don in tsiro ya yi zafi wajen niƙa burkutun ya mutu tun kafin a ɗora tukunya. Ya ce ya ji, ai shi a hankali aka san shi. Na zuba mudu guda. Kafin in janye hannuna tsiron ya zama gari, garin ya zama hayaƙi, hayaƙin ya bi hanya ya tafi ƙauyen maƙwabta. Shi kuma gogan ya kwanta gefe yana warin ƙonanniyar waya, ana yi masa fifita.

Na ce, "Ina tsirona?"

Jatau ya ce, "Ya niƙu."

"To yana ina?"

"Ai cewa ka yi a niƙa, ba ka ce a bar maka ba."

Allah ya sani na so in kama gemunsa a wurin. Na dai cije, don shi kaɗai ne dillali a kasuwar, kuma tsohuwar nan ta riga ta naɗe rabin tabarma.

Ina waigowa sai na ga gonar Inna ta biyo ni kasuwa, ta shimfiɗe tsakanin turaku. Ciyawa ta yi tsawo har ta fara gaida mutane, ƙudujin da ke cikinta ma ya kira ni da sunana. A bakin gonar ga Kawu Nomau, ƙanin Inna, wanda shi ke jan gayya a ƙauyenmu, da mutanensa talatin a zaune. Kowa riƙe da ƙoƙo babu komai a ciki. Fartanyoyinsu suna kwance a gefe an lulluɓe su da bargo.

Ya ce, "Tunau, mun zo."

Na ce, "Kawu, ai gayyar sai Asabar."

Ya ce, "Mun sani. Mun zo da wuri ne mu ga yadda ba za a yi ta ba."

Sauran suka gyaɗa kai, ba faɗa ba hayaniya. Wani ma ya matsa ya ba ni wurin wucewa. Wannan haƙurin nasu ya fi komai ƙona mini rai.

Can bayan kasuwa, gindin wata tsamiya, Jatau ya kai ni wurin wani tsohon diril da aka ɗaure da sarƙa. Ƙato ne, fentinsa duk ya kankare, yana da mariƙi biyu da doguwar waya a baya kamar jela. Jatau ya ce wannan ba ya gudu, amma in ya fara juyawa ko dutse aka sa masa ba ya tsayawa. Na ji a raina cewa shi nake nema tun ran Talata. Na miƙa masa ƙarfen.

Tsohon diril ɗin ya ce, "Yaro, ba a gaisuwa a garinku?"

Na ce, "Gafara, Baba. Ina wuni?"

Sai da ya yi dogon numfashi kafin ya ce lafiya. Na tambayi gajiya, ya yi wani numfashin. Na tambayi iyali, na tambayi damina, na tambayi ƙafa duk da ba shi da ita. Shi ma ya tambayi nawa mutanen ɗaya bayan ɗaya, har da wani baffana da ya rasu tun ina goye, kuma sai da ya yi mini ta'aziyya. Duk wannan ina hango Laraba ta wutsiyar ido, tabarmar saura abin da mutum ɗaya zai zauna. Da muka gama ya buɗe baki ya kama ƙarfen gam, ko motsi ba ya yi. Raina ya yi sanyi, karon farko tun shigowata kasuwar.

Na ce, "Bismillah, Baba, juya."

Ya ce, "Da me?"

Na manta da wuta. Na ce ina da janareto a gida, Jatau ya ce a nan janareto kiwo yake tafiya, sai magariba yake dawowa. Wuta a rijiya ake ɗebo ta. Ya ba ni guga. Na zura sau uku, sau uku yana fitowa wayam.

Jatau ya ce, "In ta ga kana bukatarta ba ta zuwa. Juya mata baya, ka yi kamar kana da fitila."

Da girmana na juya wa rijiya baya, ina riƙe da igiya, ina fito, ina cewa da ƙarfi ni ina ruwana da wuta, ko ta shekara ba ta zo ba ko a jikina. Kawu Nomau da mutanensa suna kallo. Can sai na ji guga ya yi nauyi. Na jawo shi cike, yana tartsatsi. Na ruga na tsoma jelar Baba a ciki, na zuba tsiro, na kama mariƙan biyu, na danna.

Injin Inna bai motsa ba. Kasuwar ce ta fara juyawa, a hankali, yadda na nema. Turaku, tsamiya, rijiya, gonar da 'yan gayya, duk suka shiga zagaya ni, ni kuma ina tsakiya maƙale da diril, kafaɗuna kamar za su fita. Tsiro ko ƙwaya ɗaya bai fashe ba. Jatau yana wucewa ta gabana a kan teburinsa, kowane zagaye sai ya jefo mini kalma ɗaya.

"Ƙarfi."

"Ka."

"Nema."

Na ce ya bar mini iya shege ya gaya mini yadda ake tsayar da abin nan. Sai da ya yi zagaye uku kafin in tara amsar: danna na gefe. Na laluba da babban yatsa na danna.

Baba ya koma juyawa baya, komai ya bi shi. Ruwan ya fara sauka daga sama kamar na garinmu, 'yan kasuwa suna ta mita. Hayaƙin nan ya dawo daga ƙauyen maƙwabta, ya zama gari, garin ya zama tsiro ya koma cikin mudu. Jatau ya tofo takardata a bushe. Laraba ta shiga warware tabarmarta tana hararata. Sai ga Talata, na ga kaina ina komawa birni da baya da baya. Sai ga wuƙar nan ta fito daga maƙera ta miƙe ta zama hannun inji. A nan na gane inda muka nufa. Na ce, "Baba, daure, ƙara kaɗan, kai ni Litinin."

Ya kai ni. Ga tsakar gidanmu da hantsi. Ga injin a ɗaure a benci da hannunsa lafiya lau. Ga ni tsugune da zarto, da fensir a bayan kunne wai ni injiniya. Inna tana tsaye a kaina, ta riƙe kafaɗarta da hannun hagu.

Ta ce, "Tunau, bar hannun nan. Kai ma ai kana da kafaɗa."

Ta faɗi haka ran Litinin ɗin gaskiya ma, ni ne ban tsaya na ji ba. Na ga wancan Tunau ya yi dariya ya ce, "Inna, zamani ya wuce nan." Kunya ta rufe ni. Taku biyu ne tsakanina da shi, in kama wuyan hannunsa a wuce wurin. Sai na ga wutar cikin guga ta yi ƙasa, saura 'yar kaɗan a gindi. Ban san lokacin da na ce, "Don Allah tsaya, ina bukatarki," ba.

Aka ɗauke.

Jatau ya ce, "Ai na gaya maka."

Hannuwana suka ƙi sakin diril, murya ta ƙi fita. Ina ji ina gani wancan sakaran ya ɗora zarto a kan ƙarfen ya fara ja. Gurr, gurr, gurr.

Na buɗe ido, gari ya waye, rana har ta shigo ta ƙasan ƙofa, amma ƙarar ba ta tsaya ba. Daga bayan madafa take fitowa. Na fita ko takalmi ban sa ba. Inna ce a durƙushe gaban tsohon dutsen niƙan kakata, wanda muka daɗe muna ɗora tukunyar wanka a kansa. Ta ɗaure hannun damanta a ƙirji da tsohon zane, tana tura ɗan dutsen da hagu kaɗai, in ta tura sau uku sai ta tsaya ta ja numfashi. Garin da ta tara bai rufe gindin ƙwarya ba, buhun kuwa yana tsaye a gefenta cike. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na matsa na tsaya a gabanta.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Matsa, kana tare mini haske."